Injin Da Za A Ji Shirunshi

Ƙetaren Sheme,
Ta hanyar Faskari.
Agusta, 1976.

Zuwa ga Yaya Harisu a Ikko,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lahiya kai da iyali, Allah shi ƙara rufa asiri. Mu nan da sauƙi, gero ya yi kai, Inna tana ta addu'a. Ni ne dai Maninka, sarkin ruwan da bai iya iyo ba.

Yaya, takardarka ta iso, wadda ka ce in zaɓi sabon injin kwale-kwale, mai batir ko mai fetur. Ka rubuto ba ka san mi ya ci tsohon ba. To Gide ya rasu, Laraba ukku ke nan. Ka san ranar da ka aiko injin farko na tara gari na ce an gama zamanin tuƙi da hannu, na kwashe filafilan na raba ma mata su tuƙa tuwon biki. An sha dariya, har kirari aka yi mani. Ranar kasuwa gulbi ya kawo, na ɗauko mutum shidda, har da Gide, da buhunan dawa, muna tsakiya inji ya mutu. Na ja igiyar tada injin har tafina ya sale. Ba filafili ko ɗaya. Ruwa ya juya mu ya maka mu da kututture, muka zube cikin ruwa. Sha'ibu mai gonar bakin gulbi shina noma ya ji ƙarar ta ɗauke, ya rugo da igiyar shanu ya jawo mu. Gide ne kaɗai bai kama ba. Sai washegari aka ganshi.

Ka ce mai batir ba shi da ƙara, wai kamar mage. To shi ne ba ni so. Da a ce shiru muke tafiya ranar nan, wa zai san mun tsaya? Ga shi ba mu da lantarki, sai an kai batir Funtuwa ya sha wuta. Ka sawo mai fetur, mafi hayaniya a duk Ikko, wanda in ya yi shiru har kurman Ƙetare zai ji. Ka hanzarta, matata Suwaibatu ta shiga watanta, ungozoma ta ce wannan karon sai asibiti, kuma asibiti na ƙetaren gulbi.

Jiya na je gaida Zulaihatu matar Gide, tana takaba. Ta shiga madafa ta ɗauko filafilin da na ba ta, da busasshen tuwo a jikinshi, ta aje gabana. Ban kankare ba. Shina cikin jirgi yanzu.

Ka gaida Adama da Asma'u da Malam Audi. Inna ta ce ka sa Gide a addu'a.

Ƙanenka,
Mani.