Kada Ki Hau Ƙaramin Jirgin Nan

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa, yaya maigidanki da yara? Ni da sauƙi, sai dai ciwon ƙafa da shirun ɗaki.

Ƙaramin jirgin saman da kike shirin hawa ki zo duba ni ya faɗi a gona. Wai mai ne ya ƙare masa a sama! Likitana yana ciki, ya karye a ƙugu. Da na je dubiya, matuƙin jirgin na wajen, har da dariya yake ce mini: "Baba, ai na ɗauka zai kai mu." Tir! Ko fitilar ɗakina sai na girgiza na ji kananzir kafin in kunna.

Ki biyo mota, ko da zuwanki zai ja baya. Na saba jira.

Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinki