Ƙofar da ba ni na girgiza ba

Anti mai wannan fili, ki taimake ni kafin in haukace a kan kujerar falo.

Ni ba mai neman shawara ba ne. Daga aji uku na sakandare na fita da injin walda na haya, yau ma'aikata tara ke ci a ƙarƙashina, kuma ban ci gadon kowa ba. Mako biyar ke nan da aka yi mini aikin hanji. Sun fitar da hanyar bayan gida ta gefen cikina, suka liƙa mini jaka. Ni da ban taɓa yi wa wani aiki ba, yanzu jakar roba ke ba ni oda. Ba ta da kunya kuma. Ranar da surukina ya zo duba ni, yana tsakiyar addu'a ta saki wata ƙara, sai da bawan Allah ya waiga ko akuya ce ta shigo.

Ga damuwar. A shagona ƙofar ƙarfe ba ta fita sai na ɗaga ta da hannuna, na girgiza, na ji babu inda ke motsi. Shekara ashirin da biyu haka nake yi, a gaban mai saye. Yanzu likita ya ce kada in ɗaga abin da ya fi buta nauyi. Ƙanina ke riƙe da shago. Makon jiya ya fitar da ƙofa huɗu, ba wanda ya girgiza. Na zauna jiran a dawo da su. Shiru. Ma'aikata kuwa na sa an ce musu na yi tafiya sayen inji. Uwar yara ta ɓoye mukullin mota, ta ce in na fita shago ranar Litinin kamar yadda na shirya, ita ma fita za ta yi daga gidan. In koma, ko in ci gaba da kallon fanka?

Mai Walda

Malam Mai Walda, sannu da jiki. Ba rushewar shago kake tsoro ba, abin da ya ƙona maka rai shi ne bai rushe ba. To wa ya koya wa ƙanin naka walda? Ƙofofin nan huɗu aikinka ne.

Kana da gaskiya a wuri ɗaya: zama yana cin mutum irinka, kuma masu jaka da yawa suna komawa aikinsu. Uwar yara ma tana da tata. Naman cikinka bai gama haɗewa ba, ƙofa ɗaya ta isa ta jawo maka ƙaba a gefen jakar, a sake kwantar da kai.

Ranar komawa likita zai yanke, ba zuciya ba. Faɗa masa ainihin aikinka, har nauyin ƙofa. In ya yarda, fara da awa biyu, a zaune. Ƙaninka ya ɗaga, ya girgiza, kai ka saurara, don kunnenka ne gwanin, ba cikinka ba. Tafi da jakar canji, ka yi nesa da tartsatsi, roba ce.

Ba dole ka yi wa kowa bayanin hanjinka ba. Ce musu an yi maka aiki, ya isa, tun kafin su tambaye ka ina injin.

Allah ya ƙara sauƙi. A gaishe da uwar yara, mukulli ya ci gaba da zama a wurinta.