Kwalba Bakwai

Yamai, Laraba da dare

Wata goma sha huɗu rabona da Damagaram. Yau takardar binciken Farfesan da nake wa aiki ta fito, kan yadda dafin kunama ke toshe 'yan ƙofofin da gishirin jiki ke bi cikin jijiya. Sunaye tara a kanta, har da Turawan da ba su taɓa ganin kunama da rai ba. Ni da na kamo kunamun a Tondibia, na tatsi dafin, na sha harbi, babu ni.

Ya san aikinsa, ban musa ba. Amma ko kunya babu ya kira: "Malam Isa, a aiko sauran dafin."

Na ce, "Sai da sunana, ranka ya daɗe."

Abin da na tsira da shi: kwalba bakwai na dafin a firigo, makulli a aljihuna.