Motata Ba Fara Ba Ce

Litinin, 3 ga Maris

Takarda ta zo yau, har da hatimi. Wai tara. Wai na keta jar danja a mahaɗar gaban asibiti, ranar Talata sha ɗaya ga watan jiya, ƙarfe goma da kwata. Ni! Shekara arba'in da shida ina riƙe da sitiyari, talatin daga ciki a babbar mota, ko kaza ban taɓa takawa ba. To, kaza ɗaya. Ita ma ita ta kawo kanta.

Babbar 'yata ce ta karanta mini, don rubutun yanzu kamar sawun tururuwa yake. Alƙaliya nake ce mata tun tana ƙarama, ba ta jiran jin ta bakin kowa. Ta ninke takardar ta ce, "Baba, ranar da ka goge ginshiƙin ƙofa, kai da bakinka ka ce in aka kuma, in karɓi makulli."

Na ce na faɗa. Amma maimaita mini wurin launin mota.

"Fara."

Na ce to fita ki gaishe ta, shuɗiya ce tun kafin ki yi aure.

Ta ba ni mako biyu. In tarar ta tabbata, makulli ya zama nata.

Talata, 4 ga Maris

Tsohuwata, wato matata, ta ce in biya kowa ya huta. Ba kuɗin ba ne. Wanda ya biya ya amsa laifi ke nan. Ta ce, "Direba, kai da ba inda kake zuwa sai asibiti da kasuwa?" Ai shi ne. Su biyun suka rage mini.

Alhamis, 6 ga Maris

Na kai tsohuwa asibiti, ranar duba gwiwarta ce. Duk danjar da muka dosa sai ta ce "ja ne", ko "kore, wuce". Bara ta tsiri wannan hali, ban san inda ta samo shi ba. Na ce wai ni da ke wa ke tuƙin nan? Ta ce, "Kai ne. Ni kwandasta ce."

Asabar, 8 ga Maris

Ina aski abin ya faɗo mini: makon nan da suke magana ai motar tana gareji! Na je wurin bakanike da rabin gemu. Ya fito daga ƙarƙashin wata mota, ya ji bayani, ya yi dariya har da dafa taya.

"Baba, ranar ai ko akwatin giya babu a cikinta, yana can ƙasa a faranti. In ta keta danja, to da ƙafa ta je."

Ya rubuta mini shaida, ya sa hannu, ya bar mini tambarin babban yatsa da baƙin mai, kyauta. Da zan tafi ya shafa gefen motar ya ce wannan sabuwar gugar fa? Na ce ginshiƙin ne ke matsowa. Bai yi dariya sosai ba wannan karon.

Litinin, 10 ga Maris

Awa biyu a layin ofishin tara, ashe ba tagar ba ce. A dawo jibi, taga ta uku.

Laraba, 12 ga Maris

Ni kaɗai na je, gwiwar tsohuwa ta hana ta. Ba komai, ina da dabarata. In samu mota a gabana in bi ta, in ta tsaya in tsaya.

Ma'aikaciyar taga ta uku ba za ta girmi jikata ba. Na faro mata labari tun daga ranar da na karɓi lasisi. Ta bar ni na kai shekara ta goma, sannan ta ce, "Baba, mu duba hoton." Ta juyo mini da fuskar kwamfuta. "Motarka ce wannan?"

Na duba. Na matsa. Na goge tabarau na sake dubawa. Wani abu dai kamar hayaƙi, da duhu-duhu a ƙasa. Na daki kanta na ce ba tawa ba ce!

Ta ce, "Gaskiyarka. Wannan ai motar kaya ce, fara, da tsani a samanta. An ɗauko lambar wani an ɗora maka." Ta karanta shaidar bakanike, ta buga hatimi. An soke.

Sai ta miƙo takarda in sa hannu. Na sa. Ta duba inda na sa, ta ciro wata sabuwa, ta ɗora yatsanta daidai kan layin, ba ta ɗaga ba sai da na gama.

"Baba, da wa ka zo?"

Na ce da motata.

A hanyar dawowa, a mahaɗar asibitin nan, motar da nake bi ta karya kwana ta bar ni. Na zama na gaba. Na ɗaga kai, fitila uku a jere, rana na dukansu, duk ɗaya. Na taka birki na zauna. Ban san ko minti nawa ba. Sai da na baya suka cika duniya da ham na gane an ba da hanya.

Ban gaya wa kowa ba.

Alhamis, 13 ga Maris

Alƙaliya ta zo ta karanta sokewar sau biyu. Ta durƙusa ta ce, "Baba, na zalunce ka, ka yafe mini." Ta ɗauko makullin daga ƙusa da kanta ta sa mini a hannu. Shekara arba'in ina jiran yarinyar nan ta ce ta yi kuskure. Na zaci zai fi haka daɗi.

Tsohuwa tana ta ninkin kaya. Asibiti kuma na ce a bari sai wani makon.

Lahadi, 16 ga Maris

Na wanke mota. Ban fita da ita ba, ta yi kyau a inda take.

Alhamis, 20 ga Maris

Alƙaliya ce ta kai mu asibiti. Ni na kira ta, don in ga yadda take tuƙi, tunda ni na koya mata. Tana saurin sakin kuloci, na gaya mata. Ashe ɗakin likitan ido yana jikin na gwiwa. Tunda an zo, na leƙa a gaisa. Wai yanar ido ce, wai aikin minti ashirin ne. Sun ba ni rana. Mu gani.

Da muka zo mahaɗa na kasa kunne in ji kwandasta, ban ji komai ba. Na waiga. Ta jingina kai da gilashi tana barci, baki a buɗe. Rabon da in ga matar nan ta yi barci a mota, tun bara.

Na ce wa yarinyar ta bi a hankali, akwai rami a gaba.

Makullin yana cikin jakarta. Mantawa na yi ban karɓa ba.