Gogen Baba a Kunnen Inna

Zuwa ga Yaya Idi,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina kasuwa, yaya zaman Kwatano? Yaya Hajo da yara? Mu nan Filinge lafiya lau, gero ya shiga rumbu.

Akwatin kallon da ka aiko ya iso, munka haɗa shi da telebijin. Amma fim ɗin da ka ce an nuna marigayi Baba yana goge a wasan bori bai buɗe ba. Mai gyara ya duba, ya ce manhajar da ke nuna fim ɗin ba ta hawa irin wannan akwati, kuma babu dabara.

Inna kuwa ta riga ta tara maƙwabta, har ta ɗaura sabon zane. Sai na kunna mata a wayata. Ka san idonta, ta ce inuwa kawai take gani. Ta kara wayar a kunne, ta daɗe tana saurare, sannan ta ce, "Hannunshi ne. Kashe, Rabi, ya isa." Ta tashi ta tafi rufe kaji.

In da hali, ka sa fim ɗin a katin memori, ka ba mai zuwa gida. Ka sa mu cikin addu'a. A gaida Kawu Sani.

Ƙanwarka,
Rabi