Sawun Yatsanka a Bangon Inna

Zuwa ga Yayana Bello, malamin zane, a duk ƙasar da wannan takarda ta same ka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata kana lafiya kamar yadda muke nan Bungudu. Na rubuta "kamar yadda muke" sai alƙalamin ya tsaya mini, don ba duka ne gaskiya ba.

Kada ka yi mamakin ganin zancen gidanmu a jarida. Takardarka ta ƙarshe ta ce ka bar makarantar da kake koyarwa a Kumasi, za ka hau jirgin ruwa zuwa Saliyo, kuma ba ka sa adireshi ba. Malamarmu ta ce jarida takan je duk inda Bahaushe ya sauka, ko ba ka gani ba wani zai gaya maka. Ka san ni, ko baƙo aka yi a zaure ɗaka nake gudu. Masu karatu su yi haƙuri, da Yayana nake magana.

Ka tuna ana gab da tafiyarka, Kawu Isa magini ya zo daga Rawayya ya yi wa ɗakin Inna sabon yaɓe? Ka ce ya bar maka gefen ƙofa da danshinsa. Ka naɗe hannun riga, ka sa yatsa cikin laka, ka ja lanƙwasar gulbi, ka fitar da zangarniyar gero da ganyen auduga. Kawu yana ta tsiya, wai an kai yaro boko ya dawo wasan laka. Inna ta ce, "Bar shi, Isa, ai ɗakina ne."

Ranar tafiya ni da Kawu muka raka ka Gusau. Ka tsaya a Sabon Gari ka sayi fensura, ka ba ni ɗaya. Inna ta ƙi zuwa tasha, ta ce ba ta son ƙarar jirgin ƙasa. Ni ko hawaye ban yi ba. Ina kallon hayaƙin jirgin, ina jin kamar ni ce a cikin irin littattafan soyayyar da Malama take ba ni aro, inda kullum wani yakan tafi nesa, wata ta zauna tana jira. A hanyar gida ina ta raya wa kaina, yanzu ya wuce duwatsun Tsafe, yanzu ya doshi Zariya.

Daga nan sai zanenka suka fara zuwa a bayan takardu. Tekun da ka gani kafin ka isa Kumasi, wadda ka ce ba ta da tsallake. Kwale-kwalen masunta masu fenti. 'Yan ajinka da ba sa jin Hausa, waɗanda kake kama hannunsu ka ja layi tare da su har su gane, da wanda ya zana ka da wuya kamar raƙumin dawa, ajin duka suka yi ta dariya har da kai. Ka ce abincinsu barkono ya yi yawa, kuma da za ka sami furar Inna da ka ba da albashin wata. Na karanta mata wurin, ta yi dariya, ta ce a sake.

Duk na adana su a tsakanin shafukan littafi. In na gama aiki sai in buɗe, in ga kaina a saman jirgin ruwa, iska tana kaɗa mini mayafi.

To, Yaya, ga abin da ya tsaya mini a ƙirji. Kullum bayan salla Inna takan ce Allah Ya dawo da Bello. Ina cewa amin da baki, amma can ciki ina cewa ba yanzu ba tukuna, sai ya ga Saliyo, sai ya ga Masar ya zano mini. Ina son tafiyarka fiye da yadda ya kamata ƙanwa ta so. Saboda haka ne duk amsar da na rubuta maka nake cewa kowa lafiya.

Idon Inna ya yi yana. Tun bayan girbin bara ya fara. Zanen da kake aikowa ta daina gani, ni nake gaya mata abin da ke ciki, wani lokaci har in ƙara da nawa. Amma na bango ba ta bukatar kowa. Kowace safiya in ta fito, sai ta sa yatsanta a cikin sawun naka, ta bi gulbin tun daga sama har ƙasa, sannan ta tafi alwala. Har wurin ya yi sulɓi, ya yi duhu.

Ruwan farko na bana ya zo da iska, gefen ƙofar ya zaftare. Kawu ya zo ya gyara. Na daure na ce ya bar mini shi da danshi, kamar yadda ka yi. Babu layin da na manta, Yaya, na sha kallonsa. Na ja gulbin, na fitar da geron da audugar. Kawu ya ja da baya ya duba, ya ce wallahi ko mai shi ba zai bambanta ba. Na ji daɗi, har na kwana ina tunanin ni ma wata rana za a kira ni wata ƙasa.

Da ya bushe, Inna ta fito da safe ta miƙa hannu. Yatsanta bai shiga ba. Nawa siriri ne, sawun ya yi mata kaɗan. Ta ɗan tsaya, ta shafa sama-sama, ta ce, "Wannan hannun Hauwa ne. Ya yi kyau, 'yata." Ta wuce alwala. Tun ranar ba ta sake taɓa bangon ba, sai dai ta dafa ƙyaure.

Da faɗa ta yi mini da ya fi sauƙi.

Har yanzu in mutum ya matso kusa da ita cikin hasken rana tana gane fuska. Ban san ko hakan zai kai baɗi ba. Na san kana son aikinka, na san yaran can suna son ka, kuma ban ce ka bar shi har abada ba. Amma ka zo. Kada ka ƙara aiko mini da teku, na ƙoshi. Kawu ya ce bayan damina zai sake yaɓen gefen nan, na roƙe shi kada ya kwaɓa ƙasa sai ka iso, ya ce to, amma ba zai jira har wani ruwan ba.

Allah Ya kai wannan takarda hannunka da wuri. Allah Ya tsare ka a ruwa da tudu, Ya bar wa Inna sauran ganinta har ka tsaya a gabanta. Ni kuma Ya yafe mini amin ɗin da na riƙa yi rabi da rabi. Yanzu cikakkiya nake yi.

Ni ce ƙanwarka mai jiran ƙarar jirgi,
Hauwa, Bungudu.