Kada a Raba Tukunyar Inna

Jidda

Yaya Sama'ila,

Assalamu alaikum. Ya haƙurinmu? Ya Rahmatu da yara, ya mutanen Zango?

Ranar da ka kira ka ce Inna ta huta, ina wanke-wanke a gidan aiki. Na ce alhamdulillahi, don na zaci ta yarda ta daina dakan furar sayarwa. Sai da ka yi shiru na gane.

Ina lafiya, kada ku damu. Abinci ne dai ba ya shiga, kuma uwargidan ba ta son ganin hawaye.

Na ji kai da Nu'uman kuna maganar kowa ya kafa murhunsa. Don Allah, Yaya, ku bari. Tun rasuwar Baba, ko shekarar da gero ya ƙi, Inna ba ta yarda an raba tukunya ba, sai dai ta ƙara wa kunu ruwa ta ce ta ƙoshi. In kun raba, wa zai zuba wa marayun Yaya Kabo?

Allah ya jiƙanta, ya haɗa kanku. Ni har yau ban zauna an yi mini gaisuwa ba.

Ƙanwarka,
Madina